Daga Ɗaya Zuwa Goma

A asibitin unguwa, can saman tudun Valparaíso,
Malama Fresia ta ba mu takarda, kowa da tasa,
ta ce kada mu leƙa ta juna.
Tambaya ta shida: daga ɗaya zuwa goma,
yaya daɗin zamanku yake?

Na leƙa.
Osvaldo ya zagaye tara, har biro ya huda takardar.
Nawa biron yana shawagi,
tsuntsun teku da ya rasa dutsen sauka.

Mu mutanen garin nan ba ma tashi daga kan abinci
don ƙaramar girgizar ƙasa.
Mukan dafe kofin shayi, mu kalli fitila tana lilo,
mu ce, "Wannan ai huɗu ce," mu koma hira.
Da wannan ma'auni na koyi auna mijina.
Ƙofar da aka banko, uku.
Faranti a jikin bango, biyar,
don na mahaifiyata ne, mai zanen inabi.
Yatsunsa a wuyan hannuna
ranar da aka sallame shi daga tashar jiragen ruwa,
wannan ban ba shi lamba ba.
Na dai sa riga mai dogon hannu
a tsakiyar zafin Janairu.

Kada in wanke kaina da sabulun da ban saya ba.
Ni ma da makamina.
Ba na ɗaga murya, na san inda ƙashinsa ke da taushi.
A gaban ƙanwarsa na ce masa,
"Ko karen bakin tasha ya fi ka komowa gida da abu a baki."
Na ga maganar ta shige shi kamar ƙaya.
Kwana uku yana ɗingishi da ido,
ni kuwa na ji sanyi,
irin sanyin da ba ya kaiwa asuba.

An ce harshe da haƙori ma suna saɓawa.
Haka ne. Abin da ba a ƙarasa mana ba,
harshen da aka ciza sau ɗari
yakan daina sanin gishiri.

Taransa ba ƙarya ba ce.
Shi Lahadi yake ƙirgawa:
kifin da yake soyawa da tafarnuwa,
takalmina da ya ɗinke da zaren koma,
waƙar da yake ɓatawa da gangan don in yi dariya,
shuɗin fentin da ya shafe tsagar bango da shi.
Ni matakala nake ƙirgawa.
Ɗari da goma sha biyu ne daga titi zuwa ƙofarmu,
kafin ya taka na arba'in
na san wane Osvaldo ne ke tafe.
Rufi ɗaya muke kwana a ƙarƙashinsa,
amma yoyon a gefena yake.

Na rubuta bakwai, don kunya.
Na soke. Na rubuta huɗu.

A tsohon taragon da igiya ke sauke shi gangaren tudu,
mu biyu kaɗai, teku shimfiɗe a ƙasa,
ya ce, "Nélida, nawa kika sa?"
Na faɗa masa.

Taragon ya yi tsalle a kan ƙarfe.
Ya ɗaga hannu zai kama maratayi,
sai na ji kaina ya sunkuya da kansa,
gwiwar hannuna ta tare fuskata
tun ban aike ta ba.

Ya gani.
Hannun ya tsaya a sama, bai kama komai ba.
Ya daɗe yana kallonsa
kamar abin da ya tsinta a aljihun wani.

Laraba mai zuwa, ƙarfe uku, in ji Malama Fresia.
Bai ce zai je ba.
Ni dai na ninke katin,
na sa shi tare da makullin gidan yayata.